Kujerar Gunvor

Duk wanda ya san Holger Brattström a Munkfors da abu biyu ya san shi, tsawo da taurin kai. Tsawon gado ne daga mahaifinsa, taurin kan kuwa shi ya raini abinsa. Ƙuruciyarsa kaf a ma'aikatar yanka katako ta bakin kogi ta ƙare, yana gyaran injuna, har ƙarar zarto ta cinye masa kunnen hagu. Da ya yi ritaya sai ya tare a garejin bayan gidansa, inda wata jar Volvo ta zamanin da take zaune, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda ta girmi 'yarsa Pernilla nesa ba kusa ba.

A rumbun wani manomi ya tsinto ta, kaji na ƙwai a kan kujerun, injin ya daskare da tsatsa. Bai tsaya lallashin tsohon injin ba. Ya cire shi ya jefar, ya samo wani mai silinda biyar daga wata motar iyali da ta yi karo da ƙatuwar barewar dajin nan mai tsallaka titi ba sallama, ya dasa shi a ciki. Ya sauya giya, ya sauya birki, ya yi waldar ƙarafan kariya a ciki kamar keji. Sai da masu duba motoci suka wahalar da shi son ransu kafin su yarda ta hau titi. Daga nan motar ta zama mai fuska biyu: ranar Juma'a ta je kanti sayen madara, ranar Asabar ta shiga filin tsere na Karlskoga.

Abin dariyar shi ne Holger bai taɓa tuƙa ta ya wuce ƙofar gida ba. In ya shiga, gwiwoyinsa sai su tokare sitiyari, kansa ya daki rufi. Matarsa Gunvor ce direba. Ita ce mai dafa abincin makarantar firamare ta garin, gajeriya, mai jiki, mai bakin da ba ya ajiye magana. Tana kiransa Dogo, yana kiranta Direba, kuma ba wanda ya taɓa jin sun kira juna da sunan yanka sai in an yi faɗa.

A wannan ƙasa da hunturu ake gina mota, da bazara a hau ta. Ita ma jar Volvon a cikin sanyin Janairu aka gama ta, lokacin da sifana ke manne wa mutum a tafin hannu. Abu na ƙarshe da ya rage shi ne kujera. Kujerar tsere ba ta matsawa gaba ko baya irin ta motar gida. Ana auna mai tuƙi ne, a huda ƙasan mota, a ɗaure ta da noti, shi ke nan ta zauna har abada. Ranar awon Gunvor ta shigo garejin cikin ƙatuwar rigar sanyinta mai kama da bargo, tana mita wai ya taso ta daga gaban murhu. Ya ɗora kujerar a kan guntayen katako, ya sa ta zauna, ya sa ta taka kuloci har ƙasa, ta miƙa hannu kan sitiyari, ya matsa ta gaba kaɗan, ya dawo da ita baya kaɗan, har ta ce in bai gama ba za ta daskare a nan ya binne ta da motar. Sannan ya yi alama da alli ya huda.

Wannan awo ya zama abin alfaharinsa. Ba injin ba, ba waldar ba, kujerar. Duk wanda ya leƙa motar a filin tsere sai ya ji labarin, wai an yanka ta ne daidai jikin Gunvor, ko silin gashi ba ta goce ba. Ya faɗa wa limamin coci, ya faɗa wa mai kawo wasiƙa, ya faɗa wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Gunvor takan ji shi tana ɗaura hular kwano, ta yi murmushi kawai ta ce Dogo ai ba ya kuskure.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai a waccan bazarar ta farko: koriyar suwaitarsa ta ulu, wadda Gunvor ta saƙa masa a shekarar aurensu, ta ɓace. Ya zargi kare, ya zargi saurayin Pernilla na lokacin, ya zargi maƙwabci. Shekara da shekaru, duk sanda sanyi ya shigo sai ya tayar da zancen, Gunvor ta ce masa mutumin da ba ya iya riƙe rigarsa bai kamata a ba shi injin ba.

Ba ta taɓa zama zakara ba, kar a yi mata ƙarya. 'Yan kofunan da ta ciyo, maɓallai da allurai take zubawa a ciki. Amma tana da wata ɗabi'a da ta sa samari suka tsane ta kuma suka so ta: in ta wuce mutum a kwana sai ta ɗaga masa yatsu biyu daga kan sitiyari, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci a hanya. Holger kuwa yana tsaye a bakin katanga, ya juya kunnensa mai ji wajen filin. Ba ya riƙe agogo. Da kunne yake sanin inda take, da giyar da take ciki, da ko ranta a ɓace yake.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba su lokaci ba. Da kaka ta fara cewa ta gaji, kafin tafki ya daskare an binne ta. Holger ya lulluɓe motar da tsohon zanen gado. In bazara ta zo sai ya yaye, ya tsaya daga waje ya zura hannu ya murɗa makulli, ya bar injin ya yi zafi, ya saurara, ya kashe. Bai taɓa barin kowa ya zauna a kujerar ba.

Sai gwiwoyinsa suka fara gaza hawa matakalar gidan. Pernilla, wadda ke aikin jinya a Karlstad, ta samo masa ɗaki a bene mai lif kusa da ita, gidan kuma aka sami mai saye, wasu ma'aurata da za su tare kafin ƙanƙara ta sauko. Sabon wurin ba gareji, ko keke sai an nemi izini. Motar dole ta tafi. Pernilla ta ɗauki hotuna ta sa talla, Holger ya ce ta ƙara sharaɗi guda, cewa ba a taɓa kujera. Ta ce wannan ba sharaɗi ba ne, hauka ce, ta ƙi rubutawa. Ya ce ba komai, yana da baki.

Wanda ya fara zuwa wani dillalin tsofaffin motoci ne daga Stockholm, da farin takalmi, a garin da kowa ya san laka. Irin mutanen nan ne da ke son mota kamar yadda ake son tangaran a kabad, a goge a kalla. Ya zagaya ta yana girgiza kai kamar ya zo ta'aziyya, ya ce an ɓata ta, amma bodin yana da kyau. Zai cire injin da kejin da kujerar ya sayar wa masu buƙata, ya nemo mata irin injinta na asali, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Holger ya ja zanen gadon ya rufe motar, ya tsaya yana kallon ƙofa har mutumin ya gane. A bakin mota dillalin ya miƙa wa Pernilla katinsa, ya ce in tsohon ya huce ta neme shi, yana da tirela.

Bayansa wasu sun zo. Holger yakan hango mutum tun daga taga ya auna shi da ido kafin ya sauko daga mota. Wannan ya yi tsawo, wancan ƙafarsa ta yi yawa. Ba ya faɗin haka a fili, sai ya ƙirƙiro dalili: wannan ya rufe ƙofa da ƙarfi, wancan ya tambayi gudunta kafin ya tambayi birkinta. Wani gajere da ya zo daga Örebro ya kusa dacewa, sai ya ce zai sake mata fenti baƙi, nan take cinikin ya mutu.

Ranar da ya kori na ƙarshensu Pernilla ta same shi a kicin. Ta gaji, daga aiki ta taho, ko kayan asibiti ba ta cire ba.

"Baba, kai fa ba mai saye kake nema ba," ta ce. "Mama kake jira ta zo ta saya."

Ya ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

"Ranar da ƙanƙara ta fara sauka zan kira mai farin takalmi. Ba don ina so ba. Ba ni da inda zan kai ta, kai ma ka sani."

Ya sani. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, cewa gaskiya ta faɗa.

Jarkko ya zo wata Lahadi da hantsi ba tare da dogon zance a waya ba. Direban bas ne daga Degerfors, iyayensa mutanen Finland da suka zo aikin ƙarfe, mai ƙarancin magana irin nasu. Da ya fito daga motarsa Holger ya ga mutumin ya kusa kai shi tsawo. Amma Jarkko bai taɓa motar da hannu ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ya daɗe, ya tashi ya tambayi wa ya yi waldar kejin. Da aka tayar da injin ya cire hularsa ya tsaya shiru yana saurare, har sai da fankar injin ta kama.

Suna shan gahawa a kan bencin gareji Jarkko ya ce ai ya san motar. Yana da wata tsohuwar mota da yake shiga tsere da ita a da, kafin yara su zo.

"Matarka ta taɓa wuce ni a kwanar ƙarshe, ta waje," ya ce. "Ta ɗaga min yatsu biyu. Na yi sati ban yi wa kowa magana ba a gida."

Holger ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin jana'iza, har gahawa ta sarƙe shi. Ya tambaye shi me zai yi da motar. Jarkko ya ce abin da aka gina ta dominsa, ya kai 'yarsa makaranta da ita in rana ta fito, ya kai ta Karlskoga in Asabar ta yi kyau. Injin ya zauna, jan fentin ya zauna. Sai ya ajiye kofin ya dubi tsohon.

"Amma ba zan ɓoye maka ba, kujerar sai ta matsa baya. Ko ƙafa ɗaya ba zan iya sakawa ba a haka."

"To ba ciniki."

Jarkko bai yi gardama ba. Ya shanye gahawarsa, ya gode, ya ce lambarsa tana wurin Pernilla. Holger ya tsaya yana kallonsa ya juya mota a hankali, ya kauce wa furannin da Gunvor ta shuka a bakin hanya, waɗanda sanyi ya riga ya kashe. Ya ji haushin mutumin don ya rasa abin da zai ƙi shi da shi.

Bayan 'yan kwanaki, yana dawowa daga kanti, ya tarar ma'aikatan hanya suna kafa jajayen sandunan nan a gefen titi, waɗanda ke nuna wa motar share ƙanƙara inda kwalta ta ƙare. Kowa a nan ya san abin da suke nufi. Ya tsaya da ledar madara a hannu yana kallonsu sun jeru har kan tudu. Ya tuna tirelar mutumin Stockholm, ya ga injin a rataye da sarƙa, kejin an yanka shi gunduwa gunduwa, kujerar a jingine a wani shago da farashi a manne. Da ya isa gida ya kira Pernilla ya ce ta nemo masa dogon nan na Degerfors. Amma shi zai kwance kujerar da hannunsa, shi zai huda sababbin ramuka, kuma tsohuwar kujerar tasa ce, da ita zai tafi bene ko da a kanta zai riƙa cin abinci.

Safiyar Asabar ɗin raɓa ta daskare a kan ciyawa. Jarkko ya zo da tasa kujerar a but ɗin motarsa, Pernilla ta zo da burodin kirfa. Holger ya kwanta a kan kwali, abin da gwiwarsa ba ta yafe masa ba, ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya. Notin ba su yi masa gardama ba, don shi ya shafa musu maiko tun farko. Ya hana a taimaka masa. Ya rungumo kujerar ya fito da ita, ya juya ta don ya ɗora a kan benci, sai ƙasan rigar kujerar ya buɗe ta baya, wani koren abu ya leƙo.

Ya ɗauka tsumma ne. Ya ja, sai ga hannun riga. Ya zare rigar kujerar gaba ɗaya, ya tarar da koriyar suwaitarsa a ninke tsakanin soso da mayafi, an ɗinke ta da manyan ɗinki da zaren da Gunvor ke ɗaure nama da shi. Ta lafe kamar faifai, tsakiyarta ta lotsa daidai bayan mutum.

Ya daɗe yana kallonta. Da ya ɗago, Pernilla ba ta yi mamaki ba, idanunta ne kawai suka cika.

"Kin sani," ya ce.

"Tun bazarar farko. Ni na riƙe mata tocila." Ta share hanci da bayan hannu. "Cikin rigar sanyi ka auna ta, Baba. Da ta sa kayan tsere sai ta ga ƙafarta ba ta kai kuloci ƙasa sosai. Kujerar ta yi mata nisa."

"Me ya hana ta faɗa? Aikin rabin yini ne."

"Ta ce ka riga ka gaya wa duk garin." Pernilla ta yi wata 'yar dariya da kuka a ciki. "Na ce ta sa matashi mana, ta ce a'a, suwaitar take so. Wai tunda ƙafafun Dogo sun hana shi shiga, ko banza ta riƙa zagaya filin da shi."

Jarkko ya fita waje a hankali, wai zai duba wani abu a motarsa.

Holger ya zauna a kan taya, suwaitar a cinyarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, sai baƙin ciki ya biyo ya danne kunyar. Duk mutanen da ya kora, duk shekarun da ya yi yana cika baki a bakin katanga, ashe kuskurensa yake gadi. Gunvor tana jin sa yana faɗa wa baƙi ko silin gashi ba ta goce ba, tana ɗaura hula, ta ce Dogo ba ya kuskure. Kuma duk hunturu ta zauna ta saurari mitarsa a kan suwaita, ta bar shi ya zargi kare. Ya so ya yi mata faɗa, ya kira ta da sunan yanka kamar yadda suke yi, ba ta nan. Nan ya yi kukan da ya ƙi zuwa masa a coci, Pernilla ta tsaya a bayansa ta dafa kafaɗarsa.

Da ya natsu ya share fuska da hannun suwaitar ya kira Jarkko. Suka ɗora sabuwar kujerar a kan guntayen katako, ya ɗauko alli. Jarkko ya sunkuya zai shiga, cikin jaket ɗinsa mai kauri, numfashinsa na hayaƙi.

"Tsaya," Holger ya ce. "Cire rigar."

"Da wannan sanyin?"

"Cire ta. Da ta cikin ma. A watan Yuni za ka tuƙa ta, ba yau ba."

Mutumin ya zauna daga shi sai 'yar shara, haƙoransa na haɗuwa, ya taka kuloci, ya miƙa hannu, ya sake takawa. Holger ya tambaye shi ko ta yi, ya ce ta yi. Ya ce kar ya faɗa don ya faranta masa, ya faɗi gaskiya. Jarkko ya ce to a ƙara matso da ita gaba ɗan kaɗan. Aka matso, sannan ya yi alama ya huda. Tsofaffin ramukan ya toshe su da roba da hannunsa.

Da rana ta ɗan ɗaga suka yi musabaha, aka sa hannu a takardu a kan bonet. Pernilla ta tambayi Holger ko ta sa tsohuwar kujerar a bayan motarta. Ya dube ta a kan benci, soso tsirara, ya ce a bar wa Jarkko ko zai sami mai so. Suwaitar ya warware zaren ya zura ta a kan rigarsa. Ta yi tauri, tana warin mai da roba, bayanta ya ƙi kwanciya a jikinsa.

Jar Volvon ta fita daga garejin, ta bi tsakanin jajayen sandunan ta nufi gada. Holger ya tako har bakin titi ya juya kunnensa na dama. Ya ji giya ta ɗaya, ya ji ta biyu, ya ji injin ya buɗe murya a kan tudu yadda ya gina shi ya yi. Bai motsa ba har ƙarar ta shige daji, har Pernilla ta daina jin komai, shi yana nan a karkace.

"Ya yi saurin sa ta uku," ya ce. "Ita sai ta haye gada take sawa."